Dafaffen Ƙwai a Bakin Rariya

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar damina, shekarar da haƙorana na gaba suka zube har yaran unguwarmu suka sa mini suna Wawulo. Gero ya kai gwiwa, Baba da yayyena maza sun tafi maimai tun da sassafe, azahar ta gota, gidan ya yi tsit kamar an share mutanen cikinsa. Inna ta kishingiɗa a ɗaki, kakata Iya tana gyangyaɗi da mazari a hannu, ni kuma an bar mini renon ƙanena Sule mai rarrafe, ina carafke a gindin turmi ina satar kallonsa. Sai na ji kazata ta yi wani kuka daga akurki. Ba ƙyarƙyarar ƙwai ba ce, ba kuma irin kukan da suke yi in shirwa ta gilma ba, wani gurnani ne can cikin maƙogwaro wanda ban taɓa jin kaza ta yi ba. Na ɗaga kai. Wallahi abin da na gani har yau in na rufe ido ina ganinsa: baƙin abu wuluk, yana sheƙi kamar an shafe shi da man shanu, rabinsa a cikin akurki, rabinsa shimfiɗe a tsakar gida, ga Sule ya nufe shi da rarrafe yana ɓangala dariya, yana miƙa hannu zai kama wutsiyar. Ban san lokacin da na tashi ba. Ƙafarsa na cafka na ja shi a ƙasa kamar buhu, ya tsala ihu, abin nan ya zaro kansa daga akurki da ƙullutu a wuya, ya miƙe, ya fasa kai faɗin tafin hannun Baba, ya dube ni na dube shi. Sannan ya sauke kai ba gaggawa, kamar mai gidan da ya gama cin tuwonsa, ya sulale ta rariyar da ruwa ke fita a gindin katanga, ya yi waje.

Bari in faɗa muku wace ce wannan kaza, don ba kazar gida ba ce, tawa ce ni Delu. A ƙauyenmu, can gefen Dutsi, 'ya mace da kaza take fara dukiya. Ranar da yarinya ta ɗauko tulu daga rijiya ta kawo shi gida bai fashe ba, kakarta ko gwaggonta za ta kama sagara ɗaya ta ce wannan taki ce. Kaza ta kai ki ga akuya, akuya ta kai ki ga tunkiya, in Allah ya yi ki da hannun kiwo kafin ki gama wayo kina da abin da za a nuna ki da shi. Tawa wake-wake ce, baƙi da fari kamar an yayyafa mata gari, don haka na sa mata 'Yar Wake. Ni nake share mata tsakin da ya zuba a gindin turmi, ni nake dama mata dusa, ni nake cusa kashin shanu da karmami a fasasshiyar tukunya in kife a kan suri da yamma, da safe in ɗauko ta cike da gara. Yayyena suna mini dariya wai na fi son kaza da su. Ban taɓa musa musu ba. Akurkin kuwa Iya ce ta gina shi da hannunta a jikin katangar gabas, dab da rariya, ɗan ƙaramin abu kamar rumbun 'yar tsana, da kasko ake rufe bakinsa.

A daminar nan 'Yar Wake ta fara kwanci, sai Iya ta ce ba ƙwan kaza za mu sa mata ba, na zabi za mu sa. Zabin Iya a gindin wata sabara suke zuba ƙwai bayan gonar masara, kuma ba a ɗaukar ƙwan zabuwa da hannu, in ta ji warin mutum ta bar sheƙar ke nan. Da ludayi muke kwasowa, mu bar mata ɗaya don ta dawo. Iya takan ce, "Zabuwa ta iya haihuwa, ba ta iya reno ba." Za ta ja 'ya'yanta cikin raɓa su mutu tana gaba tana surutu, amma kaza in ta ƙyanƙyashe su sai ta riƙe su kamar nata. Goma sha biyar muka jera mata. Ƙwan kaza sati uku ne, na zabo sai ya cika huɗu, kuma mun ci uku lafiya lau kafin ƙwai ya fara ɓacewa, ɗaya, biyu, uku, ba ɓawo ba alama. Har Inna ta kira ni gefe ta ce in buɗe baki ta sansana. A zamaninmu yaro ba ya cin ƙwai, ana cewa wanda ya saba da shi ɓarawo zai zama, ni kuwa tun da uwata ta haife ni ban san ɗanɗanonsa ba. Na yi kuka ranar, don an taɓa mini mutunci. To ga shi Larabar nan ɓarawon ya nuna kansa, saura goma sha ɗaya.

Da Baba ya dawo aka ba shi labari, bai ko ajiye fartanya ba, shi da yayyena suka zagaya bayan gida suka tattake ciyawa suka leƙa ramuka har magariba, ba su ga komai ba. Baba mutum ne da ba ya maimaita magana. Ya wanke ƙafa, ya ɗauki Sule ya jujjuya shi yana duba jikinsa, sannan ya tsuguna a ƙofar ɗakin Iya.

"Iya, akurkin nan zan fasa. Ran Lahadi in kai kajin kasuwa, duka."

"Har da mai kwanci?"

"Har da ita. Ƙwai ne ya kawo shi, ni kuwa ɗa gare ni mai rarrafe."

Ina bayan randa ina ji. Mai kwanci ba a ɗaga ta, in ka canja mata wuri ta bar ƙwan ke nan, balle a ɗaure mata ƙafa a kai ta kasuwa. Iya ba ta faɗin sunan Baba saboda ɗan fari ne, sai ta ce, "Kai wannan, ka fasa akurki ka sayar da kaji, shi baƙon wa za ka sayar wa? Ya riga ya san hanya. In bai sami ƙwai ba ɗaki zai shiga neman ɓera. Ka ba ni zuwa Asabar."

"Kumurci ne fa, Iya. Mai tofi."

"Na ji. Mu da kakanninmu suka sha ruwan rijiyar Kusugu, a ce maciji ya raba mu da kiwon kaza? Zuwa Asabar na ce."

Baba ya ce in rana ta faɗi ran Asabar abin nan yana numfashi, maganarsa tana nan. Ya kuma ce daga ranar Sule ba ya sauka daga bayan Inna.

Washegari Alhamis labari ya zaga unguwa, tsofaffi suna ta shigowa kowace da maganinta. Wannan ta ce a ƙona ƙahon saniya, waccan ta kawo saiwar sanya ta ce a binne a kusurwa huɗu, wata ta ce a toshe rariyar kawai a huta. Iya ta yi musu godiya ta ba su goro, da suka fita ta taɓe baki. Ta ce hayaƙi da saiwa kora suke yi, ka kore shi daga gidanka ya shiga na maƙwabci, rariya kuwa in ka toshe ta cikin damina ruwa ya kayar maka da katanga. Abin da ta yi, ta rufe bakin akurki da kasko ta danne da dutse, ta ɗebo toka mai laushi a faifai ta barbaɗa daga rariya har akurki, sumul kamar an yi daɓe, ta kora mu ɗaki. Da la'asar muka fito, sai ga rubutu a kan toka. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma wannan karatun Iya ta koya mini shi tsaf. Ta nuna mini inda ya shigo, inda ya zagaya akurki sau biyu yana neman kafa, inda ya ɗaga kasko bai ɗagu ba, da inda ya koma da yunwarsa. Ta ɗora yatsunta a kan sawun, uku cif. Sai ta sa na kawo duwatsu biyu da yumɓu, ta tsuke bakin rariya har ya zama yatsu uku da ɗan sarari, ta ce, "Da ƙwai a ciki ba zai wuce nan ba sai ya fasa shi. Ɗanye zai fasu. Dafaffe ba ya fasuwa." Ta ce kai zai fita waje, ciki ya maƙale, tofinsa ya koma wa ciyawa, mu kuma bayansa ya zama namu. Kai, ranar ji na yi duk ƙasar Daura babu mai wayon kakata.

Ran Juma'a da hantsi muka je gindin sabara da ludayi muka kwaso biyu. Iya ta dafa su har suka yi tauri, ta bari suka huce zuwa ɗumin jikin kaza, ta goga su da ciyawar akurki don su ɗauki warin, ta ɗora mini a tafin hannu ta ce in ajiye a bakin akurki, ita za ta yi alwala. Tsakanin murhu da akurki taku goma ne bai fi ba. A cikin taku goman nan shaiɗan ya same ni. Ɗaya daga cikin ƙwan ya ɗan tsage a wurin dahuwa, farin ya leƙo, wani ƙamshi yana tashi. Na ce bari in lasa kawai in ji abin da ake hana mu. Na laɓe bayan rumbu na ɓare gefe, na kafa dasashina, don haƙoran gaba babu. Jama'a, ashe haka manya suke cin daɗi su bar mu da tuwo. Gwaiduwar nan ta narke mini a harshe, kafin in ce wani abu na farko ya tafi, na biyu ma ban san yadda aka yi ya bi shi ba. Sai da na ga ɓawo a hannuna hankalina ya dawo. Na tura ɓawon cikin tokar murhu, na ruga akurki na ɗaga kasko, na zura hannu ƙarƙashin 'Yar Wake. Ta sare ni sau uku a bayan hannu, na daure na zaro biyu na jera a inda aka ce, na mayar da kasko. A wautata, ƙwai ai ƙwai ne.

Bayan azahar muka shige ɗakin Iya mu uku, ni da ita da Inna da Sule a baya, muka saki asabari muna leƙe ta tsakankanin karan. Ba mu daɗe ba sai ga kan nan ya ɓullo ta rariya, harshe yana wal-wal, ya jawo jikinsa a hankali, ya jawo, ya jawo, na ce wannan abu ba shi da ƙarshe. Ya nufi ƙwan kai tsaye. Ya buɗe baki har na ga kamar kansa zai rabe biyu, ya lanƙwame na farko, ya huta, ya lanƙwame na biyu, muna kallon ƙullutu biyu suna gangarawa. Iya ta damƙe taɓarya. Ya juya, kai ya fita, wuya ya fita, ya zo kan ƙullutu ya tsaya cak. Iya ta ɗaga asabari ke nan sai ya yi wata murɗawa, muka ji ƙas, ya sake murɗawa, ƙas, ya zare kamar zare a kafar allura. Inna ta yi salati. Iya ta ajiye taɓarya, ta taka har akurki ta ɗaga kasko ta lalubi ƙarƙashin kaza. Ta dawo ta ce wa Inna ta je ta ɗora sanwa. Da muka rage mu biyu ta kama hannuna ta juya bayansa, ga sara uku jini ya bushe.

"Tun ina budurwa nake wannan dabara, ban taɓa ganin macijin da ya fasa dafaffen ƙwai ba. Tara na ƙirga. Ja'ira, da gishiri kika ci ko haka nan?"

Na fashe da kuka na ce haka nan.

"Asara biyu. Ko gishiri ba ki sa ba."

Na zaci duka za ta yi, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai ta zaunar da ni ta ce ƙwan da ya yi sati uku a ƙarƙashin kaza ɓawonsa ya riga ya yi laushi, don na ciki ya fara shirin fitowa. Ta ce ba ƙwai na ba shi ba, 'yan zabi biyu na ba shi masu rai, da hannuna, kuma na ƙosar da shi, ƙosasshen maciji kuwa yakan kwanta kwana biyu bai fito ba. "Kwaɗayi mabuɗin wahala," in ji ta, "gobe Asabar." Na ce za ta gaya wa Baba? Ta ce, "A bar kaza cikin gashinta." Da ya tambaye ta da yamma sai ta ce masa saura kwana ɗaya a wa'adinta, ya bar yi mata gaggawa.

Ran Asabar kafin Baba ya tafi gona ya sauko da babban kwando daga saman rumbu, ya kakkaɓe shi, ya ajiye shi a tsakar gida da igiyar rama a ciki. Duk inda na juya kwandon nan nake gani. Muka koma gindin sabara, Allah ya taimake mu zabi sun zuba, muka kwaso biyu. Iya ta dafa, ta goga, sannan ta yi abin da ban taɓa mantawa ba: ta sake ɗora mini su a tafin hannu, ta juya baya ta shiga ɗaki. Na miƙe hannuwana can nesa da fuskata, na datse baki, na ƙi ko numfashi har na dire su. Muka shiga ɗaki muka zauna. Azahar ta yi, shiru. Inuwar rumbu ta kai turmi, shiru. Na yi duk addu'ar da na sani har da ta shiga bayi. Can sai iska ta juya, gabas ta yi baƙi ƙirin, kaji suka fara neman mafaka. Iya ta dubi sama ta ja tsaki, don in ruwa ya sauko yumɓun da muka tsuke rariya da shi zai narke, duwatsu su zame, aikinmu ya bi ruwa. Ni dai na riga na fara yi wa 'Yar Wake ban kwana a zuciyata. Sai Inna ta taɓa ni da gwiwar hannu. Ga kan nan a bakin rariya.

Wannan karon bai yi yanga ba, kamar shi ma ya ga hadarin. Ya haɗiye na farko, ya haɗiye na biyu, ya juya, kai ya fita, wuya ya fita, ya tsaya. Ya murɗa. Shiru, ba ƙas. Ya sake murɗawa, ya yi baya bai dawo ba, ya yi gaba bai wuce ba, wutsiya ta fara dukan ƙasa fat-fat, toka tana tashi. Iya ta zabura kamar ba ita ke kukan ciwon gwiwa ba. Inna ba ta fita waje, ga kuma goyo, don haka Iya ta cusa mini taɓarya ta ce in tsaya ta ciki in doki daidai gindin katanga, kada in kuskura in fito, ita ta ɗauki fartanya da babban faifai ta yi zaure za ta zagaya ta same shi ta kai. Taɓaryar ta fi ni tsawo. Na ɗaga ta da hannu biyu kamar zan yi daka na sauke, na kuskure. Inna tana daga ƙofa tana cewa, "Matsa hagu, Delu, hagu na ce, ke ba ki san hannun da ba a cin tuwo da shi ba?" Na sake ɗagawa na sauke, na ji ta nutse cikin abu mai tauri, wutsiyar ta zo ta naɗe mini ƙafa, sanyi ƙalau. Ban gudu ba. Ku rubuta wannan da kyau, ban gudu ba. Na ba shi na uku, na ba shi na huɗu, ina ambaton 'yan zabina biyu, har wutsiyar ta saki.

Da ma na tsaya nan. Amma ɗoki ya ɗebe ni, na ce yau sai na ga idon ɓarawon nan. Na yar da taɓarya na yi zaure da gudu na zagaya. Na tarar da Iya ta kare fuskarta da faifai tana matsawa a karkace, shi kuma ya fasa kai yana huci, baya ya karye amma gaban yana nan da ransa, faifan ya jiƙe sharkaf da tofi. Na leƙo ta ƙarƙashin hammatarta. Abin da na gani na ƙarshe bakinsa ne a buɗe. Sai na ji kamar an watsa mini dakakken barkono a idon hagu. Na ƙwalla ƙara na faɗi, ina jin saran fartanyar Iya, ɗaya, biyu, sannan ta sure ni tana cewa kada in murza, in na murza ta karya mini hannu. Ta dire ni a cinyar Inna. Inna ta kwance goyo, ta buɗe mini idon da yatsu ta dinga tatsa mini nono a ciki, ta tatsa ya zubo, ta tatsa ya zubo, Sule yana gefe yana tsala ihu an taɓa masa abincinsa. Iya ta bi da ruwan randa ƙwarya bayan ƙwarya. Ana cikin haka sama ta ɓalle da ruwa.

Baba da yayyena suka shigo a guje jiƙe jagab, suka tarar da abin shimfiɗe a zaure, ya fi Baba tsawo da kaɗan in an miƙe shi. Baba ya dube shi, ya dubi idona da ya kumbura kamar ƙwallon goruba, ya dubi uwarsa. Iya ta karɓi wuƙa ta tsaga cikin, sai ga ƙwai biyu sun gangaro, lafiyarsu lau, ko tsagewa ba su yi ba. Ta ɗago ɗaya a kan wuƙa ta miƙo mini, fuskarta ba alamar dariya.

"Delu, ga shi an ɗumama miki. In kawo gishiri?"

Yayyena suka yi ta dariya ba su san abin da suke wa dariya ba, ni kuwa na cusa kai a zanen Inna. Baba ya tambayi wa ya karya wa macijin baya, Iya ta nuna ni da haɓa. Da ruwa ya tsagaita Baba ya sare kan ya binne shi da zurfi can bayan gonar masara, ya dawo ya ɗauki kwandon nan ya mayar saman rumbu, igiyar kuma ya ɗaure akuya da ita. Da zai wuce ya dafa kaina ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Sau biyu na taɓa jin wannan daga bakinsa, wannan ce ta farko.

Kwana uku idona a rufe yana ruwa, ran na huɗu ya buɗe, kuma kamar jira suke, kashegarinsa na ji ciyau-ciyau a akurki. Takwas suka fito cikin tara, 'yan mitsi-mitsi masu zane a ka, suna gudu tun ba su bushe ba. 'Yar Wake ta fito da su tsakar gida tana taƙama kamar ita ta yi su, ko da yake har suka girma ba ta gane dalilin da ya sa 'ya'yanta ba sa jin yarenta ba. Shida suka rayu. Daga shidan nan na sami akuyata ta farko, ja mai farin goshi, kuma jikokin jikokinta ne na bar wa ƙanwata a ƙauye lokacin da ɗana ya dawo da ni cikin garin Daura, shekarar da aka fara Shari'a a jihar nan.

Yanzu ina zaune a gidan bulo mai daɓen siminti, rariyarsa bututu ce da raga a baki. Akwai kaji a bayan gida cikin keji, farare ƙato-ƙato na gidan gona, ba sa kwanci, ba su san shirwa ba, in ka saki ɗaya ma ba ta san inda za ta ba. Kwanakin baya wani ɗan siririn maciji da bai kai kamu biyu ba ya shiga wurinsu, gidan nan ya kaɗe, matar ɗana ta hau kan kujera, aka kira maƙwabta, aka zuba kananzir har kajin suka kwana biyu suna tari. Ina daga kan tabarmata ina cewa a kawo mini toka, ba wanda ya saurare ni. Sun ce yanzu in abu ya yi maka tofi ruwa za ka yi ta zubawa ka ruga asibiti, na ce wannan gaskiya ne, da muna da shi kusa da mu ma mun je. Jikokina kuwa kullum safe sai an soya musu ƙwai da shayi, har su ture su ce sun gaji da shi, kuma ban ga wanda ya zama ɓarawo ba. Ni ma ana kawo mini nawa, dafaffe, da gishirinsa a gefe. Ina ci ina gode wa Allah, idon hagun nan yana ɗan ruwansa kamar yadda ya saba, in tuna Iya da faifanta, Allah ya kai haske kabarinta. Amma wallahi har yau ban ci wanda ya kai biyun nan na bayan rumbu daɗi ba.